Allurar Diklofenak da Ciwon Matsarmama: Abin da Take Iyawa da Inda Ƙarfinta Ya Tsaya

Allurar diklofenak tana zuwa ne a cikin 'yar kwalbar gilashi mai ɗaukar ruwa mililita 3, wanda ya ƙunshi miligiram 75 na maganin, kuma da wuya a shiga asibiti ko kemis a Arewacin Najeriya a rasa ta. Mafi yawan mutane sun san ta ne a matsayin maganin ciwon baya, ciwon gaɓoɓi, ko tsamin jikin da ke biyo bayan aikin ƙarfi. Ni kuwa, da yake aikina jinya ne a ɗakin karɓar marasa lafiya na gaggawa, inda na fi ganin darajarta shi ne a kan ciwon matsarmama, kuma a kan wannan ciwon kaɗai nake son in auna ta. A ganina, cikin magungunan rage raɗaɗi da muke da su a hannu, babu wanda ya dace da wannan ciwo kamarta, domin tana zuwa ne daidai inda ciwon ke tasowa. Sai dai wannan ƙarfin nata shi ne kuma ke sa ta zama haɗari idan ta faɗa hannun wanda bai tabbatar da abin da ke damun majinyaci ba.

Ba za a gane dalilin da ya sa take aiki ba sai an san abin da ke faruwa a cikin matsarmama lokacin da ta kumbura. Matsarmama 'yar jaka ce da ke manne a ƙarƙashin hanta, a ɓangaren dama na ciki, kuma abin da take ɗauka bai cika wuce mililita 50 ba. Hanta ce ke yin ruwan nan mai ɗaci, matsarmama kuma ta adana shi, ta riƙa tsotse ruwan da ke cikinsa har ya yi kauri ninki biyar zuwa goma, sannan idan abinci mai maiƙo ya isa farkon ƙaramin hanji sai ta matse ta fesa shi don a narkar da kitsen. Tsotse ruwa shi ne aikin bangonta na kullum, kuma wannan shi ne abin da ke juyewa idan ciwo ya zo. A cikin mutane goma da matsarmamarsu ta kumbura, kusan tara tsakuwa ce sanadi: ta gangaro ta toshe siririn bututun da ruwan ke bi ya fita. Amma gwaje-gwajen da aka yi a kan dabbobi sun nuna cewa toshewar kaɗai ba ta isa ta kawo kumburi ba, sai an sami abin da ya fusata bangon jakar daga ciki. Idan tsakuwa ta goge bangon, sai wani sinadari ya fito daga ƙwayoyin halittarsa ya sauya lesitin, wanda wani nau'in maiƙo ne da ke cikin ruwan matsarmama, ya mayar da shi laisolesitin, shi kuwa wannan yana ƙona bangon da ya kamata ya zauna lafiya da shi. Bangon da ya ji rauni sai ya fara ƙera furostagilandin da yawa, musamman nau'in da ake kira E2, kuma daga nan ne lamarin ke ƙazanta.

Furostagilandin ba dafi ba ne, kuma ba baƙo ba ne a jikin ɗan Adam. Sinadarai ne da kusan kowace gaɓa ke ƙerawa daga wani nau'in kitse da ke jikin ƙwayoyin halitta, ta hanyar wani inzayim, wato sinadarin da ke taimaka wa jiki sauya wani abu zuwa wani, da ake kira COX, su yi aikinsu a nan inda aka yi su, sannan su lalace cikin ɗan lokaci. A cikin matsarmamar da bakinta ya toshe, aikin da suke yi ya kasu ta fuskoki da dama waɗanda ke ƙarfafa juna. Suna sa bangon ya daina tsotse ruwa ya koma zubo shi cikin jakar, suna ƙara yawan majinar da bangon ke fitarwa, suna sa tsokar jakar ta riƙa matsewa, kuma suna sa jijiyoyin jin zafi su zama masu saurin amsawa, ta yadda ɗan miƙewar da a da ba za a ji ba sai ta zama azaba. Misalinta kamar salka ce da aka ɗaure bakinta tamau alhali ana ta ɗura mata ruwa ta wata kafar. Gwargwadon yadda jakar ke cika tana miƙewa, gwargwadon yadda bangon ke ƙara ƙera furostagilandin, shi kuma ya ƙara jawo ruwa, har matsin ya kai ga danne ƙananan jijiyoyin jinin da ke ciyar da bangon. Idan aka kai nan, wani sashe na bangon yana iya mutuwa, ya ruɓe, har ya ɓule. Abin lura a nan shi ne, a farkon ciwon sau da yawa babu ƙwayoyin cuta a ciki. Sukan shigo ne daga baya, bayan sinadarai sun riga sun yi ɓarnarsu. Shi ya sa wanda ya fara da haɗiyar kafso na kashe ƙwayoyin cuta a daren farko bai taɓa tushen raɗaɗinsa ba.

Aikin diklofenak shi ne ya hana inzayim ɗin COX aiki, ƙera furostagilandin ta ragu, bangon ya rage zubo ruwa, matsi ya sauka, jijiyoyi su lafa. Wannan ilimi yana da tarihinsa. Ulf von Euler ɗan ƙasar Suwidin ne ya bayyana waɗannan sinadarai a shekarun 1930, sannan a 1971 John Vane ya nuna a Landan cewa asfirin da danginsa suna aiki ne ta hanyar hana ƙera su, binciken da ya kai shi ga samun kyautar Nobel a 1982 tare da Sune Bergström da Bengt Samuelsson. Shi kansa diklofenak, wanda ke cikin wannan dangi, kamfanin Ciba-Geigy na ƙasar Suwizalan ne ya fito da shi a 1973 da sunan Voltaren. Waɗanda suka haɗa wannan ilimi da matsarmama kuwa likitocin tiyata ne a birnin Gotenbog na Suwidin, cikinsu har da Joar Svanvik da Erland Thornell, waɗanda a 1979 suka ba da rahoton cewa indometasin, wani ɗan'uwan diklofenak, yana kawar da ciwon matsarmama idan aka ba da shi ta jijiya. Daga baya sun nuna cewa maganin yana sauke matsin da ke cikin jakar da ta kumbura. Wato ba dusashe jin zafi kawai yake yi ba, yana rage abin da ke haifar da zafin.

A kan diklofenak ɗin kansa, gwajin da aka fi ambata shi ne wanda wani likita mai suna Akriviadis da abokan aikinsa suka yi a ƙasar Girka, aka buga a 1997. Sun ɗauki majinyata 53 masu ciwon tsakuwar matsarmama, aka yi wa wasu allurar miligiram 75 a tsoka, wasu kuma aka yi musu allurar da babu magani a cikinta, ba tare da likita ko majinyaci ya san wadda aka yi ba. Mutum 21 daga cikin waɗanda suka sami diklofenak ciwonsu ya tafi gaba ɗaya, alhali a ɗaya rukunin mutum 7 ne kawai. Abin da ya fi jan hankalina shi ne sakamako na biyu: waɗanda ciwonsu ya zarce ya zama cikakken kumburin matsarmama mutum 4 ne a rukunin diklofenak, 11 kuma a ɗaya rukunin. Wannan ya yi daidai da abin da ilimin furostagilandin ke hasashe, wato idan aka katse zagayen da wuri, jakar tana iya sassautawa har tsakuwar ta koma baya ta buɗe hanya. Amma adalci ya sa a faɗi cewa mutum 53 ba su da yawa. Da ƙungiyar Cochrane, mai tantance sakamakon binciken likitanci, ta tattara gwaje-gwaje 12 masu majinyata 828 a 2016, ta tabbatar da cewa wannan rukunin magunguna yana rage raɗaɗin fiye da allurar da ba magani, kuma da alama fiye da magungunan sassauta murɗawar ciki, amma ta ga cewa hujjar hana ciwon ƙazanta ba ta yi ƙarfin da za a rantse a kanta ba. Ni ma a nan na tsaya: maganar rage raɗaɗi tabbatacciya ce, maganar hana kumburi kuwa fata ne mai dalili.

Yadda abin ke kasancewa a ɗakin gaggawa ya fi kowane lissafi nuna darajar allurar. Wadda aka fi kawowa mace ce da ta haura shekara arba'in, mai ɗan jiki, ta haihu da dama, ta ci soyayyen nama ko wani abinci mai maiƙo da daddare, tsakar dare kuma ciwo ya tashe ta. Za ka gan ta ta dafe ƙasan haƙarƙarinta na dama, gumi yana keto mata, ta kasa zama ta kasa kwanciya, tana cewa ciwon yana harbawa har allon kafaɗarta, wani lokaci da amai. Likita yakan sa yatsunsa a ƙarƙashin haƙarƙarin ya ce, “Hajiya, ja numfashi sosai,” idan matsarmamar ta kumbura sai ka ga numfashin ya tsaya cak a tsakiya saboda zafin da ta ji lokacin da jakar ta sauko ta taɓa yatsun. Bayan an tambaye ta tarihin lafiyarta an kuma ga babu abin da zai hana, sai a yi mata allurar a tsokar mazauni, kuma sau da yawa kafin awa ta cika za ka ga kafaɗunta sun sauka, ta miƙe ƙafafu, ta fara amsa tambaya da cikakkiyar jimla. Ba ta yi maye ba, hankalinta na jikinta, kuma wannan babban abu ne ga mai jinya, domin ana iya ci gaba da bibiyar yadda take ji.

A nan ne allurar diklofenak ta fi abokan takararta biyu da aka saba da su a wajenmu. Hayosin, wanda aka fi sani da sunan Buscopan, yana sassauta tsokar da ke murɗawa, kuma mutane suna son sa saboda sun ɗauka duk ciwon ciki murɗawa ce. To amma ciwon matsarmama, duk da ana ce masa murɗa, yawanci tsayayyen ciwo ne da matsi ke haifarwa, shi ya sa sassauta tsoka kaɗai ba ya wadatarwa, kuma gwaje-gwajen da suka kwatanta su sun fifita diklofenak. Ita kuwa allurar fentazosin, wadda ake ce wa fenta, tana rage raɗaɗi sosai, kuma tana da gurbinta idan ciwon ya fi ƙarfin diklofenak ko kuma majinyacin ba zai iya ɗaukarsa ba. Amma a ƙwaƙwalwa take aiki, ba ta taɓa abin da ke faruwa a cikin jakar, tana kawo jiri da amai da barci, kuma duk wanda ya yi aiki a asibitocinmu ya san yadda wasu ke sabawa da ita har su kasa rabuwa. Ga kuma araha: kwalbar diklofenak tana cikin magungunan da talaka ke iya saya ba tare da an sayar da wani abu a gida ba, kuma ba ta buƙatar firji.

Aibinta kuwa daga tushe ɗaya yake da amfaninta. Furostagilandin ɗin da ke azabtar da matsarmama shi ne ke kare bangon tumbi, domin shi ke sa a yi majinar da ke shiga tsakanin bangon da ruwan asid, shi ke kuma kiyaye gudun jini a wurin. Allurar ba ta san bambancin matsarmama da tumbi ba, duk inda ta sami COX sai ta danne shi, kuma yin ta a tsoka maimakon haɗiya bai kuɓutar da tumbin ba tun da ta jini take isa can. Wannan ya fi damuna fiye da komai saboda yadda muke kiran ciwo a ƙasarmu. Duk ciwon da ya tsaya a ƙahon zuci, sunansa olsa a bakin jama'a. Akwai masu tsakuwar matsarmama da suka yi shekaru suna shan maganin olsa babu sauƙi, akwai kuma masu gyambon ciki na gaske waɗanda idan aka yi musu diklofenak gyambon yana iya zubar da jini ko ya ɓule. Na ga wani dattijo da aka yi wa allurar kwanaki a jere a wani kemis saboda ciwon ciki, aka kawo shi yana bayan gida baƙi ƙirin kamar kwalta, idanunsa sun yi fari saboda ƙarancin jini, sai da aka yi masa ƙarin jini kafin ya dawo hayyacinsa. Ba maganin ne ya yi laifi ba, an dai yi shi ne ga wanda bai kamata ba, kuma an wuce iyakar da takardar da ke cikin kwalinsa ta gindaya.

Ƙoda ita ma tana dogara da furostagilandin wajen buɗe jijiyoyinta, musamman lokacin da ruwan jiki ya yi ƙasa. Mai ciwon matsarmama kuwa sau da yawa ya yi ta amai, bai ci ba bai sha ba, ga zafin gari, don haka ƙodarsa tana cikin halin da ta fi buƙatar wannan kariya. Shi ya sa nake ganin ya fi dacewa a duba fitsari da hawan jini, a sa ƙarin ruwa idan jiki ya bushe, kafin ko tare da allurar, musamman ga tsofaffi da masu ciwon suga. Wannan gargaɗi ya fi shafar masu cutar sikila, waɗanda Najeriya ta fi kowace ƙasa yawansu a duniya. Saboda jajayen ƙwayoyin jininsu suna saurin fashewa, sukan yi baƙar tsakuwa a matsarmama tun suna yara, don haka suna cikin waɗanda suka fi zuwa da wannan ciwo, kuma sau da yawa akan ɗauka rikicin sikilar ne ya tashi. Su ne kuma ƙodarsu ta riga ta sha wahala, ga shi da yawansu sun daɗe suna shan irin waɗannan magunguna saboda ciwon ƙashi. A wajensu allura ɗaya a asibiti bisa umarnin likita daban take da mayar da ita abin yi duk lokacin da ciwo ya motsa.

Sauran waɗanda ba ta dace da su ba sanannu ne. A 2013 hukumar kula da magunguna ta Tarayyar Turai ta hana ba da diklofenak ga masu gazawar zuciya, masu toshewar jijiyoyin zuciya ko na ƙafa, da waɗanda suka taɓa samun shanyewar ɓarin jiki. Ba a yi wa mai ciki a watanni ukun ƙarshe, ana kuma kaffa-kaffa da ita tun daga tsakiyar cikin, abin da ke da muhimmanci domin juna biyu kansa yana ƙara haɗarin yin tsakuwa. Mai asma wanda asfirin ke tayar masa da ciwo shi ma ya nisance ta, haka mai shan maganin tsinka jini.

Akwai wani aibin da ba a rubuta shi da manyan baƙaƙe a jikin kwali ba, kuma shi ne ya fi yawan cutar da mutane: sauƙin da take kawowa yana sa a koma gida a manta. Diklofenak ba ya narkar da tsakuwa, ba ya kashe ƙwayoyin cuta, kuma yana sauke zazzaɓi, wanda ke nufin yana iya ɓoye alamar da ya kamata ta tayar da hankali. Ciwon da tsakuwa ta kawo sannan ta koma baya yakan lafa cikin 'yan sa'o'i. Idan ya haura awa shida, ko ya dawo da zarar ƙarfin allurar ya ƙare, ko aka ga zazzaɓi da rawar sanyi, ko idanu suka yi shawara fitsari ya yi ja, to lamarin ya wuce na allura. A lokacin ana buƙatar hoton ciki don a ga tsakuwar da kaurin bangon, wanda idan ya haura milimita 3 alama ce ta kumburi, ana buƙatar gwajin jini, ƙarin ruwa, magungunan kashe ƙwayoyin cuta, da ganin likitan tiyata. Nakan gaya wa 'yan'uwan majinyaci cewa ko da ta ce ta warke garau, kada a fasa yin hoton da aka rubuta, domin tsakuwar tana nan inda take.

Yin allurar kansa yana da ƙa'ida, kuma a nan nake rage mata maki. Ruwan yana da zafi a nama, dole a kai shi can cikin tsoka a ɓangaren sama na waje na mazauni da allura mai tsawo, domin idan ya tsaya a cikin kitse yakan bar ƙullutu mai ciwo, wani lokaci ƙurji, idan kuma aka yi shi kusa da babbar jijiyar da ke gangarawa ƙafa yana iya lahanta ta. Ba a wuce miligiram 150 a yini, idan za a ƙara ta biyu a sauya ɓangare, kuma ba a yin ta fiye da kwana biyu. In ana buƙatar ci gaba sai a koma ga ƙwaya bisa shawarar likita. Kamfanoni da yawa ne ke yin ta, kuma ingancin kwalabensu ba ɗaya ba ne: wasu wuyansu na ɓallewa tsaf a kan ɗigon da aka yi alama, wasu kuma sai sun farfashe a hannu, rubutun jikinsu yana gogewa da ɗan gumi. Kafin a buɗe ya kamata a duba lambar rajistar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki, a ɗaga kwalbar a haske, idan ruwan ya yi gauraye ko aka ga ƙananan ƙwayoyi a ciki a ajiye ta. Wadda ta daɗe a kan kantar shago tana shan rana ba abin amincewa ba ce, komai sunan da ke jikinta.

Wanda ciwon ya taɓa kama shi sau ɗaya, akwai yiwuwar ya sake dawowa, kuma maganin da ke raba shi da shi har abada shi ne cire matsarmamar. Carl Langenbuch ne ya fara wannan aiki a birnin Balin na Jamus a 1882, sannan a 1985 Erich Mühe ya yi shi a Jamus ta ƙananan huji da na'urar leƙa ciki, hanyar da yanzu wasu manyan asibitocin Najeriya ke bi. Mutum yana rayuwa lafiya ba tare da ita ba, domin hanta tana ci gaba da yin ruwan yana gangarawa hanji kai tsaye. Ga wanda matsarmamarsa ta kumbura, shawarar da ake bi a Ingila ita ce a yi aikin cikin mako guda da gano ciwon, maimakon a jira ya sake tashi. Gurbin diklofenak shi ne tsakanin daren da ciwon ya kama da ranar da za a yi hoto a ga likitan tiyata, kuma a wannan gurbin ina ba da shawararsa ga duk babban mutum da aka tabbatar ba shi da gyambon ciki, ciwon ƙoda, ciwon zuciya, tsohon ciki ko sauran abubuwan da na lissafa a baya, da sharaɗin a asibiti za a yi masa, ba a kemis ba.